Dalasi da Liyon: Nazarin Tarihin Canji Tsakanin Kuɗin Gambiya da na Saliyo

Gabatarwa

Wanda ya duba farashin canji a shekarar 2024 zai tarar liyon ɗaya na ƙasar Saliyo, wanda a jikin takardar ake rubuta shi leone, ya yi daidai da kimanin dalasi 3 na ƙasar Gambiya. In ya waiwayi 1971, shekarar da aka fara buga dalasi, zai ga liyon ɗaya dalasi 2 da rabi ne. Sai ya ɗauka a shekara 53 ba abin da ya motsa, har ma liyon ya ɗan yi ƙiba. Amma ranar 1 ga Yuli, 2022, Babban Bankin Saliyo ya yanke wa kuɗinsa sifili uku, liyon 1,000 ya koma liyon 1. Idan aka mayar da sifilan nan gurbinsu, dalasi ɗaya da a 1971 bai kai rabin liyon ba, a 2024 yana sayen tsofaffin liyon sama da 300.

Wannan nazari ya bi sawun wannan rata ne: yaushe ta buɗe, kuma me ya buɗe ta? Amsar da aka fi bayarwa ita ce yaƙin basasar Saliyo. Alƙaluma sun nuna wani abu dabam: mafi munin faɗuwar liyon ta auku ne tun kafin a harba harsashi na farko, kuma tushenta yana cikin yadda gwamnati ta riƙe baitulmali.

Yadda aka yi lissafin

Babu wata kasuwa mai ƙarfi da ake musayar dalasi da liyon kai tsaye. Ɗan kasuwar Banjul da zai biya kuɗin kaya a Freetown yakan sayi dalar Amurka ne, sannan a sayar da ita a can. Saboda haka farashin da ke tsakaninsu ana fitar da shi ta hanyar raba farashin dala a Saliyo da farashinta a Gambiya. Alƙaluman da aka yi aiki da su a nan matsakaicin farashin hukuma ne na kowace shekara, an kuma taƙaita su zuwa adadi mafi kusa. Sai dai a tuna cewa a shekarun 1980 farashin hukuma a Saliyo ya yi nisa da na kasuwar bayan fage, don haka faɗuwar da mutane suka ji a aljihunsu ta riga wadda takardu suka nuna.

Uwa ɗaya: fam ɗin Afirka ta Yamma

A 1912 Birtaniya ta kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma, mai hedikwata a Landan, domin ƙasashe huɗu: Nijeriya, Gwalkwas wadda ta zama Gana, Saliyo da Gambiya. Fam da sule da sisi da taro da aninin nan mai huji da kakanninmu suka kashe a kasuwar Kurmi, su ne ake kashewa a Freetown da Bathurst, tsohon sunan Banjul. Ƙa'idar hukumar mai tsauri ce: duk fam ɗin da ta fitar sai da takwaransa na Ingila a ajiye a Landan, kuma ba ta buga kuɗi don gwamnati ta toshe giɓi. Wannan ya hana darajar kuɗin zamewa daga ta fam ɗin Ingila. Aibinsa kuwa, wanda 'yan gwagwarmayar neman 'yanci suka yi ta nunawa, shi ne ajiyar mutanen yankin tana kwance a Landan alhali gida na neman jari.

Gana ta fice a 1958, Nijeriya a 1959. Saliyo, wadda ta sami 'yanci a 27 ga Afrilu, 1961, ta buɗe babban bankinta ta kuma fitar da liyon a 4 ga Agusta, 1964, a kan liyon 2 fam ɗaya. Wato liyon sule 10 ke nan, irin rabon da Nijeriya ta yi wa fam ɗinta da ta kawo naira a 1973. A lokacin fam yana dala 2.80, saboda haka liyon ɗaya ya fi dalar Amurka: dala 1.40 ne.

Gambiya ta bi a sannu. A 1964 ta kafa ƙaramar hukumar kuɗi tata ta ci gaba da fam, ta sami 'yanci a 18 ga Fabrairu, 1965, sai a 1971 ta kafa babban banki ta fitar da dalasi, a kan dalasi 5 fam ɗaya. Dalasi sule 4 ke nan, ana raba shi zuwa butut 100.

Zaɓen sule 4 yana da tarihi. Tun ƙarni na 19 azurfar Faransa ta faran 5 ce kuɗin cinikin gyaɗa a bakin Kogin Gambiya, kuma darajarta a hukumance ta kusa sule 4. Ita ake kira dala, daga nan sunan dalasi ya fito. Bahaushen Maraɗi ko Damagaram ba ya buƙatar bayani a nan, domin har yau sefa 5 ita ce dala a bakinsa. Azurfar nan ta taɓa koya wa Gambiya darasi. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya kuɗin Faransa ya faɗi, amma hukumar Bathurst ta ci gaba da karɓar azurfar a tsohon farashi. Mutane suka riƙa kwaso ta daga Senegal suna canzawa da riba, har aka soke ta a 1922, baitulmalin ƙasar ya ɗauki asarar. Duk hukumar da ta ƙayyade farashin da kasuwa ba ta yarda da shi ba, ita za ta biya bambancin.

Shekarun jingina da fam, 1964 zuwa 1978

Muddin ƙasashen biyu suna jingine da fam ɗin Ingila, farashin da ke tsakaninsu lissafin firamare ne. Da Birtaniya ta karya darajar fam a Nuwamba 1967, daga dala 2.80 zuwa 2.40, dukansu sun bi ta, saɓanin Nijeriya da ta ƙi. A 1971 liyon 2 da dalasi 5 duk fam ɗaya ne, don haka liyon ɗaya dalasi 2 da rabi. A Maris 1973 Gambiya ta ɗaga kuɗinta zuwa dalasi 4 a fam ɗaya, liyon ya koma dalasi 2 cif.

Da za a tambayi masani a lokacin wanne kuɗi ne zai fi ƙarko, da wuya ya zaɓi dalasi. Gambiya zirin ƙasa ce mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 11,300, Senegal ta kewaye ta ta ko'ina in ban da bakin teku, ba ta da abin sayarwa a waje sai gyaɗa. Saliyo ta ninka ta sau shida a faɗi, ga lu'ulu'u a Kono da Tongo, ga tama a Marampa, ga ma'adinan rutayil da boksit, ga koko da kofi, ga ɗaya daga cikin mashigin jiragen ruwa mafi kyau a nahiyar.

Inda hanya ta rabu

A ƙarƙashin Siaka Stevens, wanda ya hau mulkin Saliyo a 1968 ya kuma mayar da ƙasar mai jam'iyya ɗaya a 1978, hanyoyin samun kuɗin gwamnati suka riƙa tsiyayewa ɗaya bayan ɗaya. Mahaƙar tama ta Marampa ta rufe a 1975. Gwamnati ta karɓi kashi 51 cikin ɗari na kamfanin haƙar lu'ulu'u, amma lu'ulu'un da ake fitarwa ta hanyar hukuma ya faɗo daga kimanin karat miliyan 2 a 1970 zuwa 595,000 a 1980, sannan 48,000 a 1988. Raguwar albarkar mahaƙai ta taimaka, amma babban dalili fasa-ƙwauri ne, wanda masu kusanci da fada ke cin moriyarsa. A 1980 kuma ƙasar ta karɓi baƙuncin taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, aka kashe maƙudan kuɗi a gina otal-otal da masaukan shugabanni, akasari da bashi.

Da haraji ya ja baya kuma masu ba da bashi na waje suka fara ɗari-ɗari, gwamnati ta koma ga babban banki. Abin da tsohuwar hukumar Landan ta haramta, wato buga kuɗi don biyan albashi da tallafi, shi ya zama al'ada. A Nuwamba 1978 aka cire liyon daga jikin fam aka jingina shi da ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF. A ƙarshen 1982 aka kawo farashi biyu, na hukuma da na 'yan kasuwa. A Yuli 1983 aka haɗe su a kan liyon 2.50 dala ɗaya. Kowane sabon farashi kafin ya zauna kasuwar bayan fage ta wuce shi.

A nan ne muguwar da'ira ta kafu. Mai lu'ulu'u ko mai koko da ya kai kayansa ta hanyar hukuma za a biya shi da farashin da bai kai na titi ba, don haka sai ya tsallaka da su Laberiya, inda dalar Amurka ce kuɗin kashewa, ko Gini. Dala ta ƙara wuya a banki, farashin titi ya ƙara tashi, fasa-ƙwauri ya ƙara riba, haraji ya ƙara raguwa, injin buga kuɗi ya ƙara gudu. Wanda ke da hanyar samun dala a farashin hukuma kuwa, ya sayar a titi ya yi arziki ba tare da ya sauke ko buhu ɗaya na shinkafa ba.

Joseph Saidu Momoh ya gaji Stevens a Nuwamba 1985. A Yuni 1986 ya saki liyon kasuwa ta yi masa farashi, amma giɓin kasafi yana nan, saboda haka sakin bai haifar da komai ba sai gangarawa. A 1987 hauhawar farashi ta haura kashi 170 cikin ɗari. Aka sake ɗaure kuɗin, aka kafa dokar ta-ɓaci kan tattalin arziki a Nuwamba na shekarar, wadda ta mai da ɓoye kuɗi da kaya laifi. Takardun kuɗi suka yi ƙaranci a bankuna, malaman makaranta suka yi watanni ba albashi, layin mai ya zama ruwan dare. A 1990 aka sake sakin liyon.

Gambiya ma ba ta tsira daga shekarun nan ba. Fari ya ci gyaɗa, farashinta ya faɗi a duniya, ma'aikatan gwamnati sun yi yawa, bankin kasuwanci na gwamnati ya cika da bashin da ba a biya. Yunƙurin juyin mulkin Kukoi Samba Sanyang a Yuli 1981 sai da sojojin Senegal suka murƙushe shi, abin da ya kai ga tarayyar Senegambiya daga 1982 zuwa 1989. Senegal ta so Gambiya ta shiga sefa, gwamnatin Dawda Jawara ta yi ta jan ƙafa har tarayyar ta watse. A Fabrairu 1984 aka mayar da dalasi 5 a fam ɗaya, bai wadatar ba. Zuwa tsakiyar 1985 ajiyar kuɗin waje ta kusa ƙarewa.

Bambancin yana cikin abin da aka haɗa da sakin kuɗin. Shirin farfaɗo da tattalin arziki da aka fara a 1985, lokacin da Sheriff Sisay ke ministan kuɗi, ya rage ma'aikata, ya ɗaga farashin da ake biyan manoman gyaɗa don kada su kai ta Senegal, ya saki kuɗin ruwa na bankuna, ya tsuke bashin da gwamnati ke ci a gida. A Janairu 1986 aka saki dalasi. Ya faɗi sosai, daga kusan 4 a dala zuwa kusan 7, hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari a shekarar. Amma cikin shekara uku ta sauko ƙasa da kashi 10, ratar banki da titi ta kusa ɓacewa, dalasi ya tsaya tsakanin 7 da 8 har 1990. Tallafin ƙasashen waje ya taimaka ƙwarai, kuma talaka ya sha wuya, ba a musun wannan. Duk da haka shekarar 1986 ta zama kamar gwaji: Gambiya a Janairu, Saliyo a Yuni, Nijeriya a Satumba, kowacce ta saki kuɗinta. Wadda ta fara toshe giɓin kasafi ita ce kuɗinta ya sami wurin tsayawa.

Abin da alƙaluma suka nuna

1980: dala ɗaya liyon 1.05, dalasi 1.72, liyon ɗaya dalasi 1.6.
1985: dala ɗaya liyon 5.1, dalasi 3.9, dalasi ɗaya liyon 1.3.
1990: dala ɗaya liyon 151, dalasi 7.9, dalasi ɗaya liyon 19.
2000: dala ɗaya liyon 2,090, dalasi 12.8, dalasi ɗaya liyon 163.
2010: dala ɗaya liyon 3,980, dalasi 28, dalasi ɗaya liyon 142.
2020: dala ɗaya liyon 9,830, dalasi 51.5; dalasi ɗaya liyon 191.

Abu uku ke fitowa daga nan. Na farko, 1985 ce shekarar da dalasi ya sha gaban liyon, bai kuma sake komawa baya ba, in ban da abin da yanke sifili ya nuna a takarda. Na biyu, tsakanin 1980 da 1990, lokacin da babu yaƙi, farashin dala a Saliyo ya ninka kusan sau 144. Tsakanin 1990 da 2000, shekarun yaƙi, ya ninka kusan sau 14. Na uku, daga 2000 zuwa 2020 farashin da ke tsakanin kuɗaɗen biyu bai yi wani nisa ba, domin tare suka riƙa zamewa a gaban dala.

Yaƙi da abin da ya biyo baya

'Yan tawayen RUF na Foday Sankoh sun shigo daga Laberiya a 23 ga Maris, 1991, sai a Janairu 2002 Shugaba Ahmad Tejan Kabbah ya bayyana ƙarshen yaƙin. Ɓarnar ba ta misaltuwa: an rufe mahaƙar rutayil a 1995, sojoji sun kifar da Kabbah a Mayu 1997 har sai da dakarun ECOMOG ƙarƙashin jagorancin Nijeriya suka mayar da shi a 1998, an ƙona sassan Freetown a Janairu 1999. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙasar da albashin malami da na soja ya zama ba ya sayen buhun shinkafa ta riga ta tara matasan da ba su da abin da za su yi asara. Rugujewar liyon tana cikin abubuwan da suka share wa yaƙin fage, sannan yaƙin ya ƙarasa abin da ya tarar.

Tarihin dalasi bayan 1994 ya tabbatar da wannan fahimta ta ɗaya gefen. A shekarar an karya darajar sefa da rabi, abin da ya raunana cinikin sake fitar da kaya, wato shinkafa da sukari da yadi da ake saukewa a Banjul a wuce da su Senegal da Mali da Gini. A 22 ga Yuli Yahya Jammeh ya yi juyin mulki, masu yawon buɗe ido suka ƙaurace, masu tallafi suka janye. Duk da haka dalasi bai wuce 10 a dala ba a 1995 da 1996. Faɗuwarsa ta zo ne daga 2001 zuwa 2003, lokacin da kashe kuɗi ba bisa kasafi ba da cin bashin babban banki suka yi yawa: daga ƙasa da 13 a 2000 zuwa 30 a 2004. A wannan tsakani dalasi ɗaya ya sauko daga liyon 163 zuwa kimanin 90, alhali Saliyo ce ke fitowa daga yaƙi. Daga baya Jammeh ya riƙa ƙayyade farashi da umarnin fadar shugaban ƙasa, kamar yadda ya yi a Mayu 2015, dala ta ɓuya, aka janye umarnin a farkon 2016. Hukumar bincike ta Janneh, wadda aka fitar da rahotonta a 2019, ta gano ya wawure aƙalla dala miliyan 362. Ciwon da ya kama liyon ya kama dalasi, sai dai bai daɗe a jikinsa haka ba.

Abin da ya riƙa tallafar dalasi shi ne dalar da ke shigowa ta hannun jama'a da yawa: kuɗin da 'yan Gambiya mazauna Turai da Amurka ke aikowa gida, wanda a 'yan shekarun nan ya haura kashi ɗaya cikin biyar na tattalin arzikin ƙasar, da kuɗin baƙi masu zuwa hutu a bakin teku. Dalar Saliyo kuwa ta rataya ne a kan 'yan mahaƙai ƙalilan. Da farashin tama ya faɗi a 2014, a daidai lokacin annobar Ebola, manyan mahaƙan Tonkolili da Marampa, wadda aka riga aka sake buɗewa, suka tsaya, tattalin arzikin ƙasar ya tsuke da kusan kashi 20 cikin ɗari a 2015, liyon ya sake kama gangara.

Yanke sifili

Zuwa 2021 takarda mafi girma a Saliyo, ta liyon 10,000, ba ta kai dala ɗaya ba. Mai sayen babur sai ya zo da kuɗi a jaka. Gwamnan babban banki Kelfala Kallon ya sanar da yanke sifili uku, aka aiwatar a Yuli 2022 a zamanin Shugaba Julius Maada Bio. Gana ta yi irin haka a 2007 da ta cire sifili huɗu daga sidi. Matakin yana rage wahalar ƙirga da ɗauka, iyakarsa ke nan. Sabon liyon ya fara a kimanin 13 a dala, kafin ƙarshen 2023 ya haura 22, hauhawar farashi ta wuce kashi 50 cikin ɗari. A Agusta 2022, wata ɗaya da fitowar sababbin takardun, zanga-zangar tsadar rayuwa ta jawo asarar rayuka a Freetown da wasu garuruwan arewacin ƙasar. A gaban dalasi, sabon liyon ya fara da kimanin 4, ya sauko 3.

Kammalawa

Daga 1971 zuwa 2024 farashin dala ya ninka kusan sau 33 a Gambiya, a Saliyo kuwa kusan sau 27,000. Wato liyon ya faɗi a gaban dalasi fiye da sau 800. Wannan ba ya nufin Gambiya ta yi arziki. Ƙasashen biyu suna cikin matalauta, kuma kuɗin da ya ninka faɗuwa sau 33 ba abin alfahari ba ne. Abin da kwatancin ya nuna shi ne ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa ba sa riƙe darajar kuɗi, ƙanƙantar ƙasa kuma ba ta hana shi tsayawa. Abin da ke riƙe shi uku ne: harajin da ke isa baitulmali, babban bankin da ke iya ce wa gwamnati a'a, da farashin canjin da mai kaya zai yarda ya kawo dalarsa banki a kansa.

Batun ya shafi Nijeriya kai tsaye. Tun 2000 Gambiya da Saliyo suke tare da Nijeriya da Gana da Gini a shirin kuɗin bai-ɗaya na Afirka ta Yamma, Laberiya ta shigo a 2010. An sa ranar fara kuɗin eko a 2003, aka ɗage zuwa 2005, 2009, 2015, 2020, sannan 2027. Cikin sharuɗɗan shiga akwai cewa bashin da babban banki zai ba gwamnati kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari na harajin shekarar da ta gabata. Wannan sharaɗi shi ne darasin liyon a rubuce. Huɗu daga cikin ƙasashen nan, Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, sun taɓa kashe kuɗi ɗaya na kusan rabin ƙarni, a lokacin da babu wadda ke da ikon buga shi yadda ta ga dama. In ana son komawa ga kuɗi ɗaya, sai kowace gwamnati ta ɗaure hannunta da kanta, tunda yanzu babu Landan da za ta ɗaure mata.